Kilo Ashirin da Tara da Ban Faɗa Ba

Daga: Alhaj Abdelkebir Uhaddu, alƙali mai ritaya, gida mai lamba 14, Layin Masu Zaitun, Beni Mellal.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Ɗaukaka Ƙara, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Ƙananan Jiragen Shaƙatawa ta Gindin Tsauni.

Kwanan wata: Litinin, 7 ga Agusta, 2023.

Game da: Ƙorafi kan hukunci mai lamba 6/23 na ranar 13 ga Yuli, 2023, wanda ya karɓe lasisin tuƙin jirgi na Dakta Nezha Tahiri, da kuma kan yadda aka ƙi auna ni, aka kuma ƙi yi min tambaya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah Ya ƙara maka lafiya da basira a kan aikin da aka damƙa maka, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi. Shekara talatin da ɗaya na yi ina karanta takardu irin wannan daga ɗaya gefen tebur, ban taɓa zama na rubuta ko guda ba sai yau. Na san al'adar masu ƙorafi, kowa hannunsa fari ne, laifin na wani ne. Ni ma zan kawo ƙarar mutum ɗaya da kwamiti ɗaya, amma ina roƙon ka daure ka karanta har ƙarshe, domin wanda ya fi su laifi shi ne mai sa hannu a ƙasan takardar nan.

Dakta Nezha Tahiri likitar dabbobi ce a garin nan, ba da jirgi take cin abinci ba. Shekara tara ke nan duk Asabar tana tashi daga filin Ain Zarga na Kulob ɗin Shamuwa, a ɗan jirginta mai fiffiken zane da kujera biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, injin kuma a bayan fasinja. A ranar Asabar, 10 ga Yuni, ta yi saukar dole da shi a wata gona, jirgin ya lalace, ta karye a wuyan hannu da ƙashin kafaɗa. Ni ne fasinjan da ke kujerar baya, ko ƙwarzane ban yi ba. Kwamitin bincike ya ce sakacinta ne, ya hana ta tashi shekara biyar, ya kuma rubuta sunanta a cikin masu ganganci da ran mutane. Wa'adin ɗaukaka ƙara zai cika ranar 12 ga wannan wata, ita kuwa ba ta ɗaukaka ba, domin ta yarda laifinta ne. Shi ya sa na rubuto.

Kafin in shiga jerin ƙorafin, ya kamata ka san abin da ya kai dattijo mai shekara sittin da bakwai cikin abin da matata, Lalla Zhor, take kira keken ɗinki mai lema. An haifi mahaifiyata a Timzilt, can saman tsauni, a can kuma aka binne ta. Mutanen ƙauyen sun watse tuntuni, hanyar alfadari ta zaizaye, gwiwoyina kuma sun daina hawan tudu. Shekara goma sha tara rabona da kabarinta. A gidan surukina, inda Dakta take duba shanu, na ji ana cewa daga jirginta ana ganin Timzilt cikin minti ashirin. Tun daga ranar ban ƙara samun sukuni ba sai da na sa aka roƙe ta. Ta amsa cikin mutunci, ta ce in zo ƙarfe bakwai na safe, tun iska tana da sanyi.

1. Ƙorafina na farko a kan Si Bushaib Rgragi ne, shugaban Kulob ɗin Shamuwa.

A ƙofar rumfar ajiye jirage akwai sikeli, a samansa kuma an rubuta da jan fenti cewa duk fasinja sai ya hau, kuma ba a ɗaukar wanda ya haura kilo ɗari. Na karanta wannan rubutu da idona. Na kuma san nauyina, domin ranar Talata, 30 ga Mayu, likitana ya auna ni ya samu kilo ɗari da goma sha bakwai, ya yi min faɗa kamar ɗansa. Na ɓoye katin a cikin littafi, na gaya wa Lalla Zhor cewa na ragu. A safiyar nan ga sikelin a gabana. Matata tana tsaye, ƙannenta biyu suna tsaye da wayoyinsu a hannu suna jiran ɗaukar hoto, na san in na hau allurar nan za ta tona min asiri, a mayar da ni gida ban ga Timzilt ba.

Dakta ta nuna min sikelin da ladabi. Kafin in ɗaga ƙafa Si Bushaib ya shiga tsakani, ya riƙe hannuna yana dariya, ya ce: "Haba Dakta, mutumin da ya shekara talatin yana auna mutane shi za mu ɗora a sikeli kamar buhun zaitun? Alhaj, faɗi kawai mu rubuta."

Na ce tamanin da takwas. Nauyina ne na shekarar da aka naɗa ni alƙali, shi ya zo bakina. Ƙanin matata ya yi tari, Lalla Zhor ta kau da kai tana gyara mayafi. Dakta ta dube ni, ta dubi jalabiyata, wadda telana ya ɗinka da yalwa don ta rufa asirin abin da ke ciki, ta yi kamar za ta yi magana. Amma mace ce sa'ar 'yata, a gaban shugaban kulob ɗinta, a gaban iyalina. Ta rubuta, ni kuma na sa hannu a ƙasa, da irin sa hannun da nake rufe hukunci da shi.

Bai tsaya nan ba. Si Bushaib ya rantse ba zan tashi da yunwa a filinsa ba. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo waina mai laushi da zuma da man shanu, aka zuba shayi har zagaye uku, ya kawo labarin wata shari'ar gona da na yanke wa kawunsa. Dakta ta zo sau biyu tana tuna masa cewa rana tana ɗagawa, kuma in iska ta yi zafi fiffike ba ya ɗaukar kaya kamar da safe. Ya ce mata ba a tayar da baƙo daga kan tire. Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya saura muka shiga jirgi. Ta sake lissafinta a kan takarda, ta ce da tamanin da takwas har yanzu akwai sarari, ta cika tanki don kada mai ya takura mana. Da ta san gaskiya da ba ta ɗauke ni ba sam.

Ba na zargin Si Bushaib da mugunta. Kara ya yi min, irin wadda aka saba yi min a banki da asibiti da layin burodi, na kuma karɓa kamar yadda na saba karɓa. Amma dokar kulob ɗinsa ce ya taka, kuma babu kalma ɗaya game da hakan a rahoton bincike.

2. Na biyu, rahoton ya ba da labarin tafiyar cikin layi huɗu, ba tare da an ji daga bakin mutum na biyu da ke cikin jirgin ba. Ga abin da ya faru.

Bel ɗin kujera bai kama ni ba sai da ta sassauta shi har ƙarshe. Ta sa min hular kwano mai abin magana a ciki. Jirgin ya ci kusan dukan filin kafin ya rabu da ƙasa, muka wuce kan itatuwan zaitun da ke ƙarshe har ina iya ƙirga 'ya'yansu. Na ji ta yi ajiyar zuciya, ta ce zafi ne.

Ranka ya daɗe, ka gafarce ni in faɗi abin da ba na takardar ƙorafi ba, domin in ban faɗa ba ba za ka gane abin da aka ƙwace mata ba. A cikin abin nan babu taga, babu bango, babu rufi. Ƙafafuna suna lilo a kan gonakin lemu, iska tana kaɗa jalabiyata, ƙamshin ciyawar da aka yanka yana zuwa min har sama. Na ga magudanan ruwa suna ƙyalli, na ga rufin kotun da na tsufa a cikinta bai fi akwatin ashana ba. Wasu shamuwa biyu suka bi ta ƙarƙashinmu, ban taɓa ganin bayan tsuntsu yana tashi ba sai ranar. Dakta tana riƙe da sandar fiffike da yatsu kawai, tana gaya min sunan kowane rafi da mai kowane garke. Na manta gwiwoyina, na manta shekaruna, na manta ƙaryar da na yi. Dariya na riƙa yi ni kaɗai kamar wanda aka sako daga kurkuku.

Da muka shiga kwarin Timzilt ta karkata jirgin don in gani da kyau. Na ga gidajen laka sun rushe, na ga itacen gyaɗar dutse da ke ƙofar gidan kakana yana nan da ransa, na ga maƙabarta a gefen tudu. Ban iya bambance kabarin mahaifiyata ba, amma na san wurin. Na karanta mata Fatiha, hawaye ya cika min hula. Na gode wa Allah da Ya nuna min wannan, kuma har yau ban iya yin nadamar ganin ba, abin da ya ƙara min kunya ke nan.

Kwarin yana ƙuntata ta gaba, sai an hau sama kafin a fita. Ta ba injin wuta duka, jirgin ya ƙi hawa. Injin yana ihu, duwatsu suna matsowa ta dama da hagu, allurar awon hawa da ke gabanta ba ta motsi. Muryarta ba ta yi rawa ba da ta ce: "Alhaj, don Allah ka gaya min, ka tabbata tamanin da takwas ne?"

Na ce na tabbata. Ina so a rubuta wannan a fili: a tsakanin sama da ƙasa, bakina bai bushe daga Fatiha ba, raina da nata suna hannunta, ta tambaye ni abu ɗaya tak, na sake yi mata ƙarya. Ban san me nake karewa ba a lokacin. Bakina ne ya riga ni, kamar yadda ya saba.

Ta juya jirgin a wurin da ban yi zaton akwai sararin juyawa ba, ta bi kwarin ƙasa-ƙasa, ta zaɓi wata gonar sha'ir da aka girbe. Ta ce in naɗe hannuwana a ƙirji kada in taɓa komai. Mun sauka daidai, amma nauyi ya hana jirgin tsayawa da wuri, ya ja mu har kan gefen duwatsun da ke iyakar gonar. Tayar gaba ta karye, sandar fiffike ta bugi Dakta, ni kuma na danne ta ta baya da dukan kilo ɗari da goma sha bakwai ɗina. Da manoma suka zo suka ciro mu, abin da ta fara tambaya shi ne ko Alhaj lafiya. Takalmina ɗaya kawai na rasa.

3. Na uku a kan kwamitin bincike ne.

Ranar Laraba, 21 ga Yuni, mutum uku suka zo gidana. Ba su kira ni ofis ba, suka ce bai dace a wahalar da ni ba. Na karɓe su a babban falo, aka kawo shayi da alkaki mai almon. Sun yi awa ɗaya da rabi. Sun tambaye ni lafiyar gwiwa, sun tambaye ni ko tsoro ya bar min ciwo, shugabansu ya nemi shawarata kan rigimar gado da ke tsakaninsa da 'yan'uwansa. A kan tafiyar kuwa tambaya ɗaya aka yi, wai ko na lura matuƙiya ta rikice. Na ce ni ban san aikin jirgi ba. Wannan amsa ta tsohon alƙali ce, ba ƙarya a cikinta, ba kuma gaskiya.

Ina zaune a gabansu na cika kujerar mutum biyu. Takardar da aka rubuta tamanin da takwas tana kan gwiwar ɗayansu, injiniya ne, mai aikin awo da lissafi. Na ga ya dubi takardar, ya dubi cikina, ya sake duban takardar, sai ya miƙa hannu ya ɗauki alkaki. Da ɗan kasuwa ne ko manomi a kujerar nan da an ce ya tashi ya hau sikeli kafin shayi ya huce. Ina ƙorafi cewa an bar shaida mafi girma a shari'ar, wadda ko makaho zai laluba ya ji, saboda kunyar rawanina. Da ƙaramin alƙali ne a ƙarƙashina ya kawo min bincike irin wannan, da na mayar masa da shi da jan biro.

4. Na huɗu, hukuncin kansa a kan lambar ƙarya aka gina shi. Shafi na uku ya ce da nauyin matuƙiya da na fasinja da na mai, jirgin yana cikin iyakarsa, don haka rashin hawansa daga hannun matuƙiya ne. A ƙara kilo ashirin da tara a wannan lissafi a ga abin da zai fito. Na kai wa wani tsohon matuƙin jirgin feshi lambobin ba tare da na ambaci suna ba, ya ce duk wanda ya fito da wannan kaya daga kwarin nan a zafin Yuni, kowa da ransa, a ba shi lambar yabo.

5. Na biyar a kaina ne, kuma shi ya fi yi min wuyar rubutawa.

Kwana hamsin da takwas ke nan ina da damar magana. Na yi shiru a gonar. Na yi shiru a asibiti, inda na aika da kwandon lemu ban je da kaina ba. Da hukunci ya fito na ce wa kaina shekara biyar ba mutuwa ba ce, ai tana da sana'arta. A masallaci da gidan shayi mutane suna yi min barka da arziki, wasu suna cewa dama wa ya aike ni shiga jirgin mace, ni kuma ina murmushi ina cewa ƙaddara ce. Lalla Zhor ba ta ce min komai ba, sai dai tun ranar ta daina tsokanata da zancen ƙiba, wanda shekara ashirin ba ta taɓa fasawa ba. Wannan shirun nata ya fi min zagi ciwo.

Ranar Lahadi, 23 ga Yuli, bayan la'asar, Dakta Nezha ta zo gidana. Hannunta na dama yana rataye a wuya, a na hagu ta rungumo dunƙulen sukari a cikin shuɗiyar takardarsa, kamar yadda mai neman gafara yake zuwa da shi. Ta ƙi zama a kujera sai a bakin darduma. Ta ce ta kwana tana juya lissafin nan ba ta gano inda ta kuskure ba, amma tunda masana sun ce ita ce, ta karɓa. Ta ce za ta sayar da abin da ya rage na jirgin, ba za ta ƙara ɗaukar ɗan kowa ba ko bayan shekara biyar ɗin, domin wadda ba ta san kuskurenta ba za ta sake shi. Ta kuma nemi afuwa kan tambayar da ta yi min a sama, ta ce tsoro ne ya sa ta yi wa babba rashin kunya. Daga nan ta sunkuyar da kai ta ce in yafe mata, ta kusa mayar da matata gwauruwa.

Ranka ya daɗe, na ɗora hannu a ƙirji na ce na yafe mata. Har na ƙara da nasiha, na ce kowa yana kuskure, ta riƙa kiyayewa. Ta yi godiya, ta sumbaci kan Lalla Zhor, ta tafi. Matata ta raka ta ƙofa, ta dawo ta tsaya a kaina, ta kira ni da sunana tsirara, abin da ba ta taɓa yi ba tun aurenmu, ta tambaye ni ko yanzu na ji daɗi. Na yanke wa masu shaidar zur hukunci ba adadi, ban taɓa ganin wanda ya kai ni ba. Ko bayan wannan sai da na ƙara mako biyu kafin na iya ɗaukar biro.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon wannan kwamiti mai daraja:

Ya karɓi takardar nan a matsayin ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya cika ranar 12 ga Agusta, ko da Dakta ba ta nema ba. Ya soke hukunci mai lamba 6/23, ya mayar mata da lasisinta, ya goge kalmar sakaci daga sunanta, ya kuma sanar da hakan a duk inda aka sanar da na farko. Na haɗo katin likitana na ranar 30 ga Mayu, da kwafin takardar da na sa wa hannu a filin Ain Zarga, a ajiye su gefe da gefe.

Ya umarci kowane kulob da ke ƙarƙashinsa cewa ba a karɓar nauyin fasinja daga bakinsa, ko waye shi, kuma matuƙi yana da ikon tayar da baƙo daga kan tire. A ja wa Si Bushaib kunne, amma a tuna cewa ƙaryar ba shi ya yi ta ba.

Ya kira ni ofis, ba gidana ba, ba shayi, a yi min tambaya kamar kowa a gaban Dakta da mambobin kulob. In dokarku ta tanadi hukunci ga fasinjan da ya ba da bayanin ƙarya, a zartar min da shi cikakke. In ta kai a miƙa ni kotu, a miƙa ni. Na san ƙofar, na san kuma waɗanda za su zauna a kaina yarana ne na jiya, ina roƙon a gaya musu kada su tashi tsaye in na shigo.

Abu ɗaya ne na san ba ya cikin ikonka. Lasisi takarda ce, kana iya mayar mata da ita gobe. Amma matar nan ta yi wata biyu tana zargin hannunta da ya cece mu, ban sani ba ko za ta sake yarda da shi. In akwai hanyar da masu tashi suke bi su mayar da ɗan'uwansu sama bayan ya tsorata, ina roƙonku ku bi ta da ita.

Ka huta lafiya, Allah Ya sa ka fi ni adalci. Ina jiran kiranka a kowace rana ka ga dama.

Naka cikin girmamawa da jin kunya,

Abdelkebir Uhaddu

Kwafi zuwa ga: Si Bushaib Rgragi, Kulob ɗin Shamuwa.

Kwafi zuwa ga: Dakta Nezha Tahiri. Wannan ba ta gidan waya zai bi ba. Da ƙafata zan kai mata yau, in tsaya a ƙofa har ta gama karantawa, domin in janye yafiyar da na ba ta in nemi tata.